Mene ne kulle a direban allo?

A kasuwar Talata Mafara, mai gyaran waya kan karɓi wayar da allonta ya daskare alhali gilashinta lafiya lau. Wani lokacin matsalar tana cikin direban allo, wato manhajar da ke isar da umarnin waya ga allo.

Allo kan sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, ayyuka da dama kuma na rububin ma'ajiyar hoton. Kulle ke raba gardama: mai riƙe da shi kaɗai ke aiki, saura su jira, kamar manoman Bakura masu jiran ruwan madatsar Bakolori.

Haɗarin shi ne cirko-cirko: wannan ya riƙe kulle ɗaya yana jiran na wancan, wancan ma yana jiran na wannan, sai allo ya daskare. Shi ya sa Linux, tushen Android, ke da ƙa'idar jeranta kulle. A 2006 Ingo Molnar ya kawo lockdep, mai gano karya ƙa'idar. A 2013 aka ƙara kullen da ke sa sabon aiki ya saki kullen da ya riƙe, ya sake farawa.

Abin ya shafi ɗalibin Kwalejin Abdu Gusau da mai POS a Maradun, domin daskarewar allo kan tsayar da karatu da ciniki.