Uwargida, Kyanwarki Na Yawan Amai?

Uwargida, da yawanmu mun ajiye kyanwa ne domin ta raba mu da ɓarnar ɓeraye a ɗakin girki da rumbu. To amma ranar da ta fara kelaya amai a kan tabarma, sai a bi ta da tsintsiya a ce ƙazama ce. Alhali kuwa baiwar Allah ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo.

Ki fara lura da irin aman. In abincin ne ya dawo yadda yake jim kaɗan bayan ta ci, sau da yawa haɗama ce; raba mata shi kaɗan-kaɗan sau 3 ko 4 a rana a faffaɗan faranti. In curin gashi kika gani, wanda take haɗiyewa ne wajen lasar jikinta, sai ki riƙa taje ta.

Babbar matsalar daga kwanonmu take. Kyanwa maciyiyar nama ce, ba a halicci cikinta domin tuwo da miyar yaji ba. Albasa da tafarnuwa, ko da dafaffu ne, suna lalata mata jini. Madarar da muke ba ta don tausayi ma, yawancin manyan kyanwoyi ba sa iya narkar da ita, sai gudawa ta biyo baya. Ki ba ta dafaffen kifi ko naman kaza, ba gishiri, ba magi, an cire ƙashi, ga ruwa mai tsafta kullum. In za ki canja mata abinci, ki yi a hankali cikin kwana 7. Mai farautar ɓera da ƙadangare kuwa ba ta rabuwa da tsutsar ciki, tana bukatar maganinta duk wata 3.

Don Allah kada ki ba ta Panadol. Ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Kada kuma ki bar ta da yunwa wai cikin ya huta. Kyanwar da ta kwana 2 ko 3 ba ta ci ba, hantarta na iya taɓuwa.

In aman ya zama na kowane mako, ko da jini a ciki, ko tana ramewa tana yawan shan ruwa da fitsari, maigida ya kai ta asibitin dabbobi, don ciwon ƙoda na yawan kama waɗanda suka manyanta. In kina zargin ta ci maganin ɓera, ko kin ga zare na leƙowa daga bakinta, kada ki ja shi, a kai ta a ranar.

Mai juna biyu kuwa ta bar wa wani kwashe kashin kyanwa, saboda wata ƙwayar cuta da ke cikinsa mai iya illata ɗan da ke ciki. Wanda ya kwashe ya wanke hannu da sabulu.