Fanila: Tsiron Da Ba Zai Jure Bazarar Gene Ba

Ƙamshin fanila da ake sayar wa masu kek a kasuwar Malanbil galibinsa haɗin masana'anta ne. Na ainihin 'ya'yan wani tsiro ne mai yaɗo, ɗan asalin dazuzzukan Meziko masu laima.

Irinsa kamar ƙura yake, da wuya ya tsira, shi ya sa manoman Madagaska ke dasa reshe. Sai ya shekara 3 yake fure, kuma da hannu ake yi wa kowane fure barbara, dabarar da wani yaro bawa, Edmond Albius, ya gano a 1841. A 2018 kilo ya kai wajen dala 600, daga baya farashin ya rushe.

Don haka duk wanda ya tallata maka dashensa don lambun Gene, tambaye shi inda za ka samo inuwa da raɓa a watan Maris.