Ko Kun Sani?

Ma'aikatan jiragen ruwan kasuwanci na Amurka da suka yi dakon makamai, mai da abinci a Yaƙin Duniya na Biyu, sai a 1988 gwamnati ta amince su ma tsoffin mayaƙa ne, shekara 43 bayan an gama yaƙin. Ga shi kuwa jiragensu fiye da 700 ne suka nutse, dubban mutane suka halaka, da yawa a cikin ruwan Atilantika mai tsananin sanyi. Dalilin jinkirin, wai fararen hula ne, kamfanoni ke biyansu, ba soja ba. Don haka dokar 1944 da ta ba sojoji karatu kyauta da rancen gida mai sauƙi ta tsallake su, kowa ya koma ya yi ta fafutukar ciyar da iyalinsa shi kaɗai. Har 'yan shekara 16 an ɗauka aikin jiragen a 1944. Irin wannan yaron ya kai 60, da furfura da jikoki, kafin a waiwaye shi. Lambar zinare ta majalisar dokoki kuwa sai 2022, yana da shekara 94, in ma yana raye.