Haɗa Hannu Wajen Ilimantar da Matasan Birni a Kan Balaga da Lafiya

Duk shekara in an rufe makaranta, yawancin ɗalibanmu birni suke komawa, wasu Jos, wasu Kaduna, wasu Kano ko Abuja. A can yaro ɗan shekara 14 yana da tambayoyi game da jikinsa waɗanda ba zai iya yi wa mahaifinsa ba. Yarinya ma tana da nata, amma kunya ta hana ta kai wa mahaifiyarta. In ba a amsa musu a gida ba, za su sami amsa a bakin titi, ko a shagon kemis, ko a cikin wayar aboki. Saboda haka mun ga ya dace mu yi bayani a kan yadda unguwa za ta shirya wa matasanta ilimin balaga da lafiyar jiki, da kuma dalilin da ya sa aikin ba ya tafiya sai da haɗin kai.

Abin da birni ya canza

A da, a ƙauye, akwai masu wannan aiki. Goggo ko kaka ce ke kiran yarinya ɗaki in ta fara ganin al'ada, ta koya mata tsabta da kamun kai. Yaro kuma yana da kawu ko wani babban wa da zai ja masa kunne. A birni iyali suna zaune a ɗaki ɗaya ko biyu na haya, goggo da kaka suna can gida, uwa tana kasuwa, uba yana wurin aiki tun safe har dare. Masu koyarwa na da sun yi nisa, ba a kuwa naɗa wasu a madadinsu ba.

Illar wannan giɓi ba ƙarama ba ce. Binciken lafiyar jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna cewa cikin 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19, kashi 19 cikin ɗari sun riga sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. A birane kashi 8 ne, a karkara kashi 27. Adadin birni ya fi ƙanƙanta, amma duk da haka yana nufin yarinya ɗaya cikin kowace 12 ko 13. Wani babban bincike na shekarar 2018 ɗin ya gano cewa kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau a ƙasar, kuma 'yan mata sun fi samari tsaransu kamuwa da ita.

Darasi daga tarihi

An fara ba da rahoton ƙanjamau a Najeriya a 1986. Kafin 2001 cutar ta bazu har awon da ake yi wa mata masu juna biyu ya nuna kashi 5.8 cikin ɗari. A wannan shekara ta 2001 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince da manhajar ilimin jinsi ga makarantu, wadda hukumar tsara manhaja ta NERDC ta shirya tare da ƙungiyar Action Health Incorporated ta Legas. Sai iyaye da shugabannin addini da dama suka ƙi, musamman a Arewa. Sunan manhajar da wasu darussanta ba su kwanta musu a rai ba. Dole aka sake zama, aka gyara ta, aka sa mata sunan Ilimin Rayuwar Iyali da Ƙanjamau, aka fitar da ita a 2003, aka kuma bar kowace jiha ta daidaita ta da al'adun mutanenta. Duk da haka gardama ba ta ƙare ba. A watan Nuwamba na 2022 Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarni a cire ilimin jinsi daga manhajar karatun farko, yana mai cewa aikin iyaye ne da shugabannin addini.

Abin da muka koya a nan shi ne, darasi komai kyansa ba ya zama in ba a nemi yardar masu yara ba. Haka kuma in aka ce aikin iyaye ne kaɗai, amma ba a ba iyayen sani da ƙarfin hali ba, yaron ne zai tashi a tutar babu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma tsoron da iyaye da yawa suke da shi, cewa yi wa yaro wannan magana zai buɗe masa ido. Hukumar UNESCO ta tattara bincike daga ƙasashe da yawa a cikin jagorar da ta fitar a 2009, ta kuma sabunta a 2018. Abin da aka gani shi ne, ilimi mai tsari ba ya sa matasa su yi saurin fara jima'i. A wurare da yawa ma yana sa su jinkirta.

Su wa za su zauna a kwamiti?

Unguwar da za ta yi wannan aiki tana bukatar ƙaramin kwamiti, da mutum ɗaya mai haɗa kan kowa. Ba sai likita ba. Abin da ake nema a wurinsa shi ne amana, da haƙuri, da iya riƙe sirri. Waɗanda zai tara su ne:

1. Iyaye, maza da mata. Su za a fara gani, a nuna musu abin da za a koyar kafin yaro ko ɗaya ya ji.
2. Mai unguwa da shugabannin addini, fasto da liman duka, domin unguwannin birni a gauraye suke.
3. Malaman makaranta, musamman mai ba ɗalibai shawara.
4. Ma'aikatan ƙaramin asibitin unguwa, nas ko ungozoma.
5. Masu gidan sana'a, kamar teloli, makanikai da masu kitso, domin yaran da ba sa zuwa makaranta a hannunsu suke.
6. Matasan da kansu, namiji da mace, domin su suka san inda tsaransu suke taruwa da abin da ke damunsu.

Yadda ake tsara aikin

Mataki na farko shi ne saurare. A ajiye akwati a makaranta ko a wurin taro, kowa ya rubuta tambayarsa ba tare da suna ba. Daga waɗannan takardu ne kwamiti zai gane abin da yara suka sani, da ƙaryar da suka ɗauka gaskiya ce.

Na biyu, a yarda da magana ɗaya. In malami ya faɗi abu, nas ta faɗi wani, shugaban addini ya ƙaryata su duka, yaro zai watsar da kowa ya koma wa abokinsa. Shugaban addini zai yi magana a kan ɗabi'a da kamun kai, nas ta yi a kan jiki da cuta, amma kada ɗayansu ya rushe gaskiyar da ɗaya ya faɗa. A kuma yarda da kalmomin da za a yi amfani da su, masu ladabi, waɗanda kuma yaro zai gane.

Na uku, a raba matasa bisa shekaru. Abin da ɗan shekara 11 yake bukata shi ne sanin canjin jiki, da tsabta, da cewa ba wanda yake da ikon taɓa shi a inda bai kamata ba. Ɗan shekara 17 yana bukatar ƙari a kan haka: cututtuka, ciki, matsin abokai, da yadda zai ce a'a. Wasu darussa gara a yi wa 'yan mata daban da malama, samari daban da malami.

Na huɗu, a horar da matasa masu koyar da tsaransu. Matashi ya fi sakin jiki da ɗan'uwansa matashi. Amma kada a bar su su kaɗai. Dole a sami babba a bayansu, su kuma san iyakar saninsu, su san lokacin da za su ce, "Zo mu je wurin nas."

Na biyar, a buɗe ƙofar asibiti. Wannan ne matakin da aka fi mantawa. In an gaya wa yarinya ta nemi taimako, ta je asibiti aka yi mata tsawa a gaban jama'a, ba za ta sake komawa ba, ƙawayenta ma ba za su je ba. Kwamiti ya daidaita da ma'aikata a kan rana da lokaci, da wanda zai karɓi matasa cikin mutunci da sirri.

Na shida, a riƙa rubuta abin da aka yi, a zauna duk bayan wata uku a duba: mutum nawa suka zo, wace tambaya ce ke ta dawowa, wace unguwa ce ba a kai ba. Taron rana ɗaya, ko da na ranar 1 ga Disamba ce ta tunawa da ƙanjamau, ba ya wadatarwa.

Gaskiyar da kowane matashi ya kamata ya sani

Ko wane ne yake koyarwa, akwai abubuwan da ba a yi musu kwana. Yarinya tana iya ɗaukar ciki a karo na farko. Kamewa daga jima'i ita ce hanyar da ta fi kowace tabbas wajen kauce wa ciki da cututtukan da ake ɗauka ta wannan hanya. Kwaroron roba yana rage haɗari ƙwarai in an yi amfani da shi daidai. Ba a gane mai ƙanjamau da ido, sai da gwajin jini. Sauro ba ya yaɗa ta, cin abinci tare ko gaisawa ma ba sa yaɗa ta. Wanda yake ɗauke da ita, in yana shan maganinsa kullum, zai yi karatu, ya yi aiki, ya yi aure, kuma dokar 2014 ta hana a nuna masa bambanci.

Ciwon sanyi yakan zauna a jikin mace ba tare da alama ba, in ba a yi magani ba kuma yana iya toshe hanyar haihuwa. Sayen ƙwayoyi a kemis ba tare da awo ba yakan ɓoye ciwon ne kawai. Wanda aka yi wa fyaɗe ba shi da laifi, mace ce ko namiji, kuma a gaggauta kai shi asibiti cikin awa 72, domin akwai maganin da ake sha kwana 28 wanda yake hana kamuwa da ƙanjamau. A watan Oktoba na 2023 kuma Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar HPV, wadda ke jawo sankarar bakin mahaifa.

Kira gare mu duka

Ku ɗalibai, in kuna da tambaya, ku kai ta wurin wanda ya sani, kada ku ɗauki maganar waya ko ta aboki a matsayin ta likita. Ku malamai, kada ku tsallake darasin nan don kunya. Ku iyaye, in aka kira taro, ku zo ku ji da kunnenku, ku gyara abin da kuke ganin yana bukatar gyara, sannan ku ci gaba da maganar a gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hutun da ke tafe ya isa a fara: mutum biyar ko shida su zauna da mai unguwa, a ajiye akwatin tambaya, a kuma je a gaisa da nas ɗin asibitin unguwa.