Taya da albarka: yadda gwanayen ces ke amsawa da baƙi

A Kasuwar Guro ta Adjamé, inda mata ke sauke rogo, ayaba da tumatir tun asuba, mai saye ne ke tayawa, amma amsar mai kaya ce ke nuna inda ciniki zai dosa. Haka darar ces take: fari ke fara tafiya, baƙi ya amsa.

Abijan ta ga gwanayen amsar nan a watan Mayun 2019, lokacin da 'yan wasa goma suka kara a Filato, maƙwabciyar Adjamé. Magnus Carlsen na Norwe ya lashe gasar. Cikinsu har da Bassem Amin, likita ɗan Masar.

Idan fari ya tura sojan gaban sarki, wasu sukan ce albarka kawai. Ita ce kariyar Balin: a yi musanyar sarauniya da wuri, a rufe ƙofa. Da ita Kramnik ya ƙure Kasparov a Landan a 2000, ya karɓe kambun ba tare da an ci shi ko sau ɗaya ba. Tana aiki, amma fa kallonta sai mai haƙuri.

Ni dai na fi son masu mayar da taya. Vachier-Lagrave na Faransa ya daɗe riƙe da Najdorf, ko da abokin karawa ya kwana da shirinsa. Carlsen kuwa, a karawarsa da Caruana a 2018, Sveshnikov ya ɗauko: ya bar rami a tsakiyar fili da gangan, don dawakansa da sauran mayaƙa su samu hanyar kai hari.