Abin da Ya Kamata Ku Sani: Hanyar da Imel Ke Bi Daga Tawa Zuwa Inda Aka Aike Shi

Mutane da yawa a Tawa suna da adireshin imel ba tare da sun sani ba. Ranar da suka sayi wayar Android, mai shago ko wani yaro a gida ya buɗe musu asusun Gmail domin su iya sauke WhatsApp, ya zaɓi kalmar sirri da kansa, kowa ya kama gabansa. Maganar ba ta sake tasowa sai ranar da ɗalibi ya zo cike takardun shiga Jami'ar Djibo Hamani, ko matashiya daga Keita ta ga sanarwar aiki a wata ƙungiyar agaji, aka ce a turo takardu ta imel. A nan ake fara neman wanda ya buɗe asusun, wataƙila kuma yana Abijan ci-rani.

Ya kamata a san yadda wannan hanya take aiki, domin duk da WhatsApp ya mamaye hirar yau da kullum, harkar karatu da neman aiki da ma'amala da hukumomi har yanzu ta imel suke bi.

Adireshin imel kashi biyu ne, alamar @ ta raba su. Abin da ke dama shi ne sunan gidan da ke ajiye wasiƙun, kamar gmail.com ko yahoo.fr, ko wani suna mai ƙarewa da .ne, wato na Nijar. Abin da ke hagu kuwa sunan akwatinka ne a cikin gidan. Wanda ya taɓa samun wasiƙa ta akwatin gidan waya, mai lambar BP, ya riga ya fahimci rabin tsarin: wasiƙa ba ta zuwa ƙofar gidanka, tana zuwa akwati ne ta jira, kai kuma ka je da makulli ka ɗauka. Wani injiniya ɗan Amurka, Ray Tomlinson, shi ya fara amfani da alamar @ ta wannan hanya a 1971.

Idan ka danna aikawa, wayarka tana miƙa saƙon ga babbar kwamfutar kamfanin da ke riƙe da akwatinka, wadda ake kira saba. Ita kuma sai ta duba sunan da ke bayan @, ta tambayi kundin sunayen intanet, DNS, wace saba ce ke karɓar wasiƙun wannan gida. Da ta samu amsa sai ta kira ta, su yi gajeriyar magana mai tsari: ta gabatar da kanta, ta faɗi daga wa saƙon yake, ta faɗi wa za a kai wa, ɗayar ta amsa cewa tana da wannan akwati, sannan a miƙa saƙon. Ƙa'idar wannan magana ita ce SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta a 1982, kuma har yau da ita ake aiki bayan gyare-gyare. Ƙa'idar a buɗe take ga kowa. Shi ya sa mai Gmail yake rubuta wa mai Yahoo ba tare da wata matsala ba, alhali mai WhatsApp ba ya iya aika saƙo ga mai Telegram. Ba kamfanin da ya mallaki imel. Jami'a ko ma'aikata ko asibiti, kowa na iya kafa tasa sabar ya shiga cikin tsarin.

Akwai wata siffa ta SMTP da ta dace da yankinmu ƙwarai, wato haƙuri. Idan sabar da za ta karɓa ba ta amsa ba, mai aikawa ba ta zubar da saƙon. Tana ajiye shi a layi, ta riƙa gwadawa lokaci bayan lokaci, yawanci har kwana 4 ko 5, kafin ta dawo maka da sanarwar cewa bai isa ba. Kuma da zarar ya shiga akwati, yana nan yana jira ko da mai shi yana ƙauyen da babu rezo tsakanin Abalak da Cintabaraden. Ranar da ya shigo gari zai same shi da ranarsa da sa'arsa a rubuce. Ita ma sanarwar rashin isa a riƙa karanta ta, kada a goge ta da sauri: sau da yawa tana nuna cewa harafi ɗaya ne aka kuskure a adireshin, ko akwatin mutumin ya cika.

A kan wannan haƙurin ne imel ya fara shigowa ƙasashenmu tun kafin intanet na kowa da kowa. A farkon shekarun 1990 cibiyar bincike ta Faransa, ORSTOM, tana da hanyar sadarwa mai suna RIO wadda ta haɗa ofisoshinta na Dakar, Bamako, Wagadugu da Yamai. Kwamfuta takan tara wasiƙun masu bincike, a kira ta layin tarho a miƙa su gaba ɗaya, a karɓo na shigowa, a katse. Daga baya ne intanet ya zo ta hannun Sonitel, sannan shagunan siber suka bazu a Yamai da manyan garuruwa.

Ɗauko wasiƙa daga akwati kuma wata ƙa'ida ce daban. Tsohuwar ita ce POP, wadda a tsarinta na asali take kwashe saƙonni zuwa na'urarka ta share su daga saba. Idan na'urar ta lalace ko aka sace ta, shi ke nan. Ɗayar ita ce IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙiro a 1986. Ita tana barin komai a kan saba, na'urarka tana nuna maka ne kawai, don haka abin da ka karanta a waya za ka gan shi a kwamfutar siber kamar yadda ka bar shi. Idan wata manhaja ta ba ka zaɓi tsakanin biyun, ɗauki IMAP. A inda ƙura da zafi ke kashe waya kafin lokacinta, bai kamata takardun mutum su kasance a cikin waya kaɗai ba.

Da farko rubutu zalla imel ke ɗauka. A 1992 aka fito da tsarin MIME, wanda ke mayar da hoto ko takarda zuwa jerin haruffa don su bi hanya ɗaya da rubutu. Wannan juyi yana ƙara wa fayil nauyi da kusan kashi ɗaya bisa uku, kuma Gmail ba ya aika abin da ya wuce megabait 25 a saƙo guda. Mai tura hoton difloma da takardar haihuwa ya rage girmansu tukuna, zai ceci kuɗin forfe ɗinsa.

Wani abu kuma da nake so kowa ya riƙe. An gina SMTP ne a lokacin da masu amfani da shi 'yan tsirarun malaman jami'a ne da suka yarda da juna, don haka bai tanadi hanyar tantance sunan mai aikawa ba. Kowa na iya rubuta sunan banki ko na ma'aikata a wurin. An ƙaro matakan tantancewa daga baya, irin su SPF da DKIM, suna kama saƙonnin ƙarya da yawa, amma ba duka ba. Idan saƙo ya ce ka ci bursu ko an ɗauke ka aiki amma sai ka turo kuɗin dosiye, ko ya nemi kalmar sirrinka, danna kan sunan ka ga ainihin adireshin, ka duba abin da ke bayan @ harafi bayan harafi. Abin takaici ne a ce yaron da iyayensa suka sayar da albasa ko akuya don karatunsa ya miƙa kuɗin ga ɗan damfara saboda wasiƙa mai tambari.

To idan mutane da yawa ne ke son tattaunawa fa? A nan zauren imel ya shigo. Zauren yana da adireshi guda. Duk wanda ya rubuta zuwa gare shi, manhaja za ta kwafi saƙon ta aika wa kowane mai rajista a akwatinsa. Akwai zauren sanarwa, inda masu shi kaɗai ke magana, akwai na muhawara, wani lokaci da mai tacewa kafin saƙo ya fita. Wani ɗalibi a Paris, Eric Thomas, ya rubuta LISTSERV a 1986, manhajar da ta sa shiga da fita suka zama aikin inji. Bambancinsa da jera adireshi ɗari a layin Cc babba ne: a Cc kowa na ganin adireshin kowa, kuma wanda ya gaji ba shi da hanyar ficewa. In dole ne a aika wa jama'a da hannu, a sa su a layin da wayoyinmu ke rubuta Cci, wanda ke ɓoye sunayen.

Hausawa sun ci moriyar waɗannan zaurukan. A 2001 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya buɗe zauren Finafinan Hausa a Yahoo Groups, aka kuma yi na Marubuta, inda marubuta da 'yan fim da masu nazari na gida da waje suka yi shekaru suna muhawara a rubuce. Ana iya komawa a karanta wa ya ce me, a wace rana, abin da ke da wuya a rukunin WhatsApp mai cike da saƙon murya. Sai dai kamfanin Yahoo ya goge ma'ajiyar zaurukan, sannan ya rufe Yahoo Groups baki ɗaya a ranar 15 ga Disamba 2020. Wanda ya tsira da wani abu shi ne wanda wasiƙun suka sauka a akwatinsa bai share ba. Ƙungiyoyin 'yan Adar mazauna waje, da na tsofaffin ɗalibai, da na manoma masu hulɗa da furoje, su yi tunani a kan inda rahoton taronsu da lissafin kuɗinsu ke kwana.

Akwai kuma tsari na uku, Usenet, wanda ɗalibai biyu na Jami'ar Duke a Amurka, Tom Truscott da Jim Ellis, suka tsara a 1979. Shi ba ya turo komai cikin akwatinka. Ana liƙa rubutu ne a ɗakunan da aka kasa bisa maudu'i, sabobi su riƙa kwafar juna ta ƙa'idar NNTP har rubutun ya zaga duniya, mai so ya je ya karanta. 'Yan Najeriya mazauna waje sun yi zazzafar muhawarar siyasa a ɗakin soc.culture.nigeria a shekarun mulkin soja. Yawan tallan banza da zuwan shafukan sada zumunta sun kwashe masa jama'a, kuma a Fabrairun 2024 Google ya daina karɓar sabon rubutun Usenet. Da wuya wani a Tawa ya buƙace shi yau, amma jera amsa a ƙarƙashin tambaya da muke gani a Facebook can aka saba da shi tun farko.

Mu koma kan asusunka. Shiga cikinsa yau, ka canza kalmar sirrin da wani ya zaɓa maka, ka duba lambar wayar da aka ɗaura masa don farfaɗowa. Wannan ya fi shafar 'yan ci-rani, masu riƙe layin Kodebuwa ko na Libiya rabin shekara, na Airtel ko Moov ko Zamani sauran rabin. Layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba kamfani na iya ba wa wani, kuma lambar sirrin dawo da asusunka can za ta je. Idan ka yi aiki a siber, ka tabbata ka fita daga asusun kafin ka tashi daga kujera. Sannan ka riƙa leƙa shi ko da ba ka jiran saƙon kowa, domin tun Disambar 2023 Google ya ba kansa damar share asusun da ya yi shekara 2 ba a shiga ba, da duk takardun da ke ciki.