Gawo a Gonarmu

Jama'a, yau wasunmu suna sare itatuwan gona su yi gawayi, don su sami kuɗin babur ko wayar hannu. Babur yana da amfani, ba mu musa ba. Amma kullum sai ya sha mai, bayan 'yan shekaru kuma ya tsufa.

To, mu dubi gawo. Da damina yakan zubar da ganyensa, saboda haka ba ya tsare wa gero rana. Ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani kuwa sai ya yi kore shar. Shanu da awaki su ci 'ya'yansa, su kwanta a inuwarsa, su bar kashi a wurin. Shi ya sa geron gindin gawo ya fi na fili kyau.

Bayan farin 1984, manoman Maraɗi da Damagaram a Nijar suka daina tone kututture. In ya tofo, sai su bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, su yanke saura. Ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo gonakin ƙasar.

Bana, in mun fita sharar gona, mu ma mu duba kututturanmu kafin mu sa wuta.